Injin da Na Wanke

Bari in faɗa da bakina tun kafin maigidana ya riga ni: ni ce na wanke injin. Shi idan yana ba da labarin nan sai ya ja shi, ya ƙara masa gishiri, ya ɓoye mai laifin sai can ƙarshe don mutane su fi yin dariya. To ga shi na faɗa. Ni ce, kuma da kyakkyawar niyya na yi.

Maigidana direba ne. Shekara goma sha ɗaya ya yi yana jan motar wata gonar kaji da ke bayan gari, farar motar kaya mai rufi, yana raba ƙwai shago-shago. Ni kuwa shugabar masu shara da goge-goge ce a asibiti, mutum tara ne a ƙarƙashina, kuma ba na ɗaga wa datti ƙafa ko a gidan wa na gan shi. Shi ya sa yake kirana Sarkin tsafta. Yaranmu ma sun ɗauka, sai dai su a bayan idona suke faɗa.

Abin ya faro ne lokacin da tsufa ya kama mai gonar, ya miƙa wa 'yarsa ragamar komai. Ita kuma mace ce mai lissafi, ta duba ta ga ba ta son wahalar riƙe mota, da gyara da inshora da albashin direba. Ta yanke shawarar sayar da motar, ta ba wani mai motar kansa kwangilar raba ƙwan. Amma da yake tsohon ya roƙe ta, sai ta kira maigidana ta ce shi za ta fara yi wa tayi. Idan ya iya sayen motar kafin ƙarshen wata, motar tasa ce, kwangilar ma tasa ce har shekara uku. Idan bai iya ba, akwai dillalin da ke jira, akwai kuma kamfanin sufurin da ya riga ya kawo takardarsa. Ba ta faɗa da mugunta ba, amma mu biyun mun san abin da ake nufi: mutum mai shekara arba'in da takwas zai koma tasha yana neman wanda zai ba shi tuƙi.

Ya dawo gida ranar ya zauna a bakin gado bai ko cire takalmi ba, abin da ya san ba a yi mini a ɗaki. Ban ce masa komai ba game da takalmin, daga nan ya kamata ku gane girman al'amarin. Na ce masa motar nan za mu saya, ko da zan sayar da kujerun falo mu zauna a ƙasa.

Kuɗin da muka tara bai wuce na kafin alƙalami ba, saboda haka muka nufi wani ofishi da ke ba masu sana'a rancen sayen abin hawa. Ƙaramin ofishi ne a hawa na biyu, saman wani shagon sayar da taya, da kujerun roba shida da fanka mai kuka. Wadda ta karɓe mu wata matashiya ce mai gilashi, mai fara'a amma ba ta tsallake layi ko ɗaya a takarda. Ta nemi lasisin tuƙi, ta nemi takardun motar, ta nemi wasiƙar kwangila daga gonar, ta nemi shaidar albashina tunda ni ce zan tsaya masa. Sau huɗu muna hawa benen nan cikin mako biyu, kullum akwai abu ɗaya da ya rage. Maigidana mutum ne mai sanyi, ko an ce ya dawo gobe sai ya yi godiya. Ni ce nake yi musu tsaki a madadinsa, a kan matakala, inda ba za su ji ba.

A zuwa na huɗu mai gilashi ta rufe fayil ɗin ta yi murmushi, ta ce komai ya cika sai abu guda. Da yake motar ba sabuwa ba ce, dole mai duba motocinsu ya zo ya gan ta ya sa hannu. Idan ya sa, a ranar za a biya gonar. Idan bai sa ba, ita ba abin da za ta iya, ko manajansu ba ya ƙetare maganarsa. Ta ce zai zo gidanmu ranar Litinin da safe. Wa'adin da 'yar mai gona ta ba mu kuwa ranar Alhamis da yamma yake cika.

Ranar Lahadi maigidana ya kawo motar ya ajiye a ƙofar gida, ya wanke jikinta da kansa, ya share cikinta, sannan ya tafi aski. Ni ina hutu ranar. Na fito na zagaya motar ina duba aikinsa, na ga ba laifi, ya yi ƙoƙari daidai na namiji. Har na juya zan koma ciki sai zuciyata ta ce mini, ai baƙon gobe ba fenti zai duba ba, inji zai duba. Na lalubo abin jan nan da ke ƙarƙashin sitiyari, na ja, na ɗaga bonet.

Abin da na gani ya kusa sa ni zama a ƙasa. Ƙura ta shekara goma sha ɗaya, ta haɗu da maiƙo ta zama wani irin baƙin danƙo, ta lulluɓe komai. Ga busassun ganye a lungu, ga gashin kaji, har da sheƙar gizo-gizo kusa da batir. Na ce yanzu wannan ƙazantar za a nuna wa mutumin da arzikinmu ke hannunsa? Shi kuma maigidan da nake wanke wa riga har ta yi ƙal, ashe wannan yake buɗewa kullum da safe ya rufe bai ji komai ba?

Kada ku ɗauka aikin jahilci na yi. Na san ruwa da lantarki ba sa shiri, a asibiti ma kafin mu wanke ɗakin tiyata sai mun rufe na'urori. Na ɗauko leda na naɗe batir da duk inda na ga waya, na ɗaure da zare. Sannan na kawo kananzir da garin sabulu da buroshi babba, da tsofaffin buroshin haƙori guda uku don lunguna. Awa uku na yi a duƙe. Bayana ya ƙage, farcena biyu suka karye, amma da na gama na goge da tsumma, injin nan sai ɗaukar ido yake yi kamar sabuwar tukunya. Na cire ledojin, na bar shi ya sha rana, na rufe bonet kafin maigidana ya dawo. Na yi niyyar in ba shi mamaki, kuma Allah ya sani na ba shi.

Washegari da sassafe ya nufi motar zai buɗe bonet kamar yadda ya saba, don duba mai da ruwa. Na tare shi na ce ba zai taɓa inji da farar rigar da na goge ba, ya jira baƙo. Ya bi maganata, don a gidan nan an san wanda ke da iko da farar riga.

Ƙarfe bakwai daidai mai duba motocin ya iso a kan wani tsohon babur. Dattijo ne siriri, tsohon bakanike, da 'yar tocila rataye a wuyansa da allon rubutu a hammata. Ba shi da yawan magana. Ya amsa gaisuwa, ya ƙi shayi, ya zagaya motar yana ƙwanƙwasa jikinta da ɗan yatsa. Ya duba tayoyi, ya kwanta ya leƙa ƙasa, ya shiga ya taka birki da kuloci, yana ta rubutu yana gyaɗa kai. Ni ina tsaye a bakin ƙofa na harɗe hannu, ina jiran lokacina.

Sai ya ce a buɗe bonet. Maigidana ya ɗaga, rana ta faɗa a kan injin, hasken ya dawo musu a fuska. Na ga maigidana ya yi tsuru-tsuru, baki buɗe, na ce a raina farin ciki ne ya hana shi magana. Dattijon bai ko kunna tocilarsa ba. Ya kalli injin, ya kalli maigidana, ya mayar da biro aljihu.

"Wa ya wanke shi?"

Na matso gaba da murmushina na ce, "Ni ce, Baba. Jiya."

Ya dube ni ya ce, "Sannu da aiki, 'yata. Amma ba zan sa hannu ba."

Na ɗauka wani lungu na bari, har na leƙa in gani. Sai ya yi mana bayani a hankali, kamar mai karanta wa yaro darasi. Ya ce shi dattin inji shi ne takardar da yake karantawa. Inda ƙura ta bushe, ya san lafiya lau. Inda ta jiƙe ta yi baƙi, ya san mai yana yoyo, kuma daga kaurin dattin yake gane tun yaushe. Inda ya ga farin tabo, ya san ruwa ya taɓa tafasa. Injin da aka wanke ba ya gaya masa komai, kuma duk shekarun da ya yi yana wannan aikin, masu wanke inji kafin ya zo mutum iri ɗaya ne, wato masu abin ɓoyewa. Ya ce ba ya zargin mu, amma ƙa'idarsa ce, bai taɓa karya ta ba. A yi ta aiki da motar, zai dawo bayan mako uku.

Mako uku, mu da muke da kwana uku. Na juya na kalli maigidana. Bai yi mini faɗa ba, bai ko harare ni ba, sai sauke bonet ɗin da ya yi a hankali kamar kada ya ji masa ciwo. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige, na ga shekarunsa goma sha ɗaya na tuƙi ba haɗari ba gardama, na wanke su da buroshin haƙori.

Dattijon ya nufi babur ɗinsa. Ban san lokacin da na sha gabansa ba. Na gaya masa zancen wa'adin Alhamis, da dillali, da kamfanin da ke jira. Na ce laifin nawa ne ni kaɗai, mijina bai ma sani ba, kuma bai kamata a yanke wa mutum abincinsa saboda matarsa ta cika iyayi ba. Na tambaye shi tafiyar nawa inji ke bukata kafin ya sake faɗin gaskiya. Ya ce idan da kaya a mota, kilomita ɗari uku sun isa. Maigidana ya ce yana yin sama da ɗari kullum. Na ce to ai kwana uku ke nan, Litinin, Talata, Laraba, ya dawo Alhamis da safe.

Ya girgiza kai. "Wa zai tabbatar mini ba za a sake goge shi ranar Laraba ba? Na ga hannunki, 'yata. Ke ba za ki iya kallon ɗigon mai ki ƙyale ba."

Gaskiya ya faɗa, kuma ta yi mini zafi. Amma a daidai nan aikina ya zo mini a rai. A asibiti idan aka dafa kayan tiyata aka naɗe, ana manna filasta a bakin ƙunshin, a sa hannu da kwanan wata a kai, yadda duk wanda ya buɗe sai an gane. Na ce ya jira ni. Na ruga ciki na ɗauko naɗin farin filasta mai faɗi daga akwatin maganinmu, na miƙa masa.

"Rufe bonet ɗin da wannan, Baba, ka sa hannu a kai. Idan ka dawo ka ga an taɓa, kada ka ma gaishe mu."

Ya juya filastan a hannunsa, ya ja shi ya ji ƙarfinsa. A karo na farko na ga gefen bakinsa ya motsa. Ya ce shekara talatin yana duba motoci, ba a taɓa ba shi kayan asibiti ba. Ya sa maigidana ya sake buɗewa, suka duba mai da ruwa tare, ya rubuta inda kowanne ya tsaya da lambar kilomita. Sannan ya manna filastan a wuri uku, dama da hagu da tsakiya, ya zana sa hannunsa a kan kowanne, rabi a filasta rabi a fenti. Ya gargaɗi maigidana cewa ba ƙarin mai, ba ƙarin ruwa, injin da ba zai yi kwana uku ba a taɓa shi ba dama bai cancanci rance ba.

Da ya tafi muka tsaya mu biyu muna kallon motar, da filasta uku a hanci kamar wadda ta yi faɗa. Na fara ba da haƙuri, sai maigidana ya ɗaga hannu ya ce ba wannan ne damuwarsa ba. Ya sassauta murya ya gaya mini abin da bai taɓa gaya mini ba: kusan shekara guda ke nan yana ƙara ɗan baƙin mai duk mako, kaɗan dai, kuma bai san ta ina yake tafiya ba. Yana iya zama ƙaramin abu, yana iya zama babba. Da dattin yana nan, wataƙila dattijon ya gani, wataƙila ya wuce. Yanzu kuwa a kan injin da na mayar kamar faranti, ko ɗigo ɗaya ne sai ya fito fili.

Haka muka shiga kwana ukun nan. Kullum da safe sai maigidana ya fita ya tsaya a gaban motar, hannunsa ya kai bonet da kansa, sai ya tuna ya janye. Ya ce ji yake kamar ya fita bai wanke fuska ba. Ni kuma na zama abin dariya a wurin aiki, don na kasa riƙe labarin a cikina na gaya wa mataimakiyata, kafin azahar duk masu shara sun ji. Ɗaya daga cikinsu ta zo da ladabi ta tambaye ni ko zan ba ta izini ta bar baranda ba gogewa, saboda likita ya samu abin karantawa.

Ranar Laraba na ɗauki hutu na bi shi. Shekara goma sha ɗaya, ban taɓa ganin yadda yake aikinsa ba. Na ga yadda yake jera kiret-kiret na ƙwai, yana cusa tsohon kwali a tsakani, yana girgiza kowane jeri da hannu kafin ya yarda da shi. Na ga yadda yake tuƙi, yana sanin kowane rami a hanya tun kafin ya bayyana, yana sauka a kan tudun rage gudu kamar mai ajiye jariri. Motoci suna ta yi masa hon suna wucewa, shi ko a jikinsa. Ni da nake yi masa gorin sanyin jiki a gida, ranar na gane sanyin nan shi muke ci.

Labarin filastan ya riga mu zagaya shagunan. Mai shagon farko ya fito yana tambaya ko jikin motar da sauƙi. Matar da ke gidan burodi ta ce a kawo ta ta gaishe da marar lafiya, ta shafa bonet ta yi mata addu'a. Wani mai sayar da shayi, da ya ji ni ce na yi aikin, ya tashi tsaye ya ba ni kujerarsa, ya ce idan na samu lokaci akwai tukunyarsa da ke bukatar irin wannan hannun. Na sha dariya har cikina ya yi ciwo. Amma abin da ya fi taɓa ni shi ne yadda kowannensu, bayan wasan, yake riƙe hannun maigidana ya ce shi fa ba ya son wani ya kawo masa ƙwai in ba shi ba. Mai gidan burodi ta ce tun da take saye a hannunsa ba ta taɓa ƙirga fasassu sun kai biyar a wata ba.

A hanyar dawowa na ga wata hanyar da ba kwalta ta ratsa ta gefen gonaki, na ce ya bi ta nan, tunda motar ba kaya, injin ya samu ƙura sosai. Ya juyo ya kalle ni.

"Sarkin tsafta, ke ce kike neman ƙura?"

Na ce ya yi tuƙinsa ya rufe mini baki. Ya bi hanyar kuwa, yana dariya har muka hau kwalta.

Alhamis ƙarfe bakwai dattijon ya iso. Ya duba filastan ɗaya bayan ɗaya, ya haska sa hannunsa da tocila duk da gari ya waye, ya duba lambar kilomita, ɗari uku da arba'in da biyu. Sannan ya zaro 'yar wuƙa ya yanka su. Maigidana ya ɗaga bonet. Ni na tsaya baya, na kama ƙofar gida.

Ƙura ta kwanta a kan injin, siririya, busasshiya, ko'ina. Sai wuri ɗaya. Daga gefen murfin sama wani baƙin layi ya gangaro, tsawon ɗan yatsa, yana sheƙi. Ko ni da ban san inji ba na gan shi daga inda nake. Na ce shi ke nan, ta ƙare, na tona mana asiri da hannuna. Maigidana ya sunkuyar da kai.

Dattijon ya kunna tocila ya bi layin har inda ya faro. Ya taɓa da yatsa, ya murza, ya shinshina. Ya zaro sandar awon mai ya goge ya mayar ya sake zarowa. Ya leƙa ƙasa, ya leƙa bayan injin, ya sa aka tayar da motar ya kasa kunne ya daɗe. Da ya miƙe sai na ga fuskarsa ta saki gaba ɗaya.

"Yanzu ya yi magana," in ji shi. "Gaskit ne ya tsufa, robar nan da ke hana mai fita ta bakin murfin sama. Aikin rabin awa ne, kuɗinsa bai kai na kiret biyu na ƙwai ba. Sauran injin kuwa, direba, ka riƙe shi da amana."

Ya ce tsohon injin da ba ya yoyo ko'ina shi tsoro yake ba shi, wannan kuwa ya nuna ciwonsa ɗaya kuma ƙarami ne. Ya rubuta cewa a canja gaskit cikin mako guda, ya sa hannu a ƙasan takardar, ya buga hatimi a kan cinyarsa. Maigidana ya kama hannunsa da hannu biyu. Ni na zauna a kan dakalin ƙofa ina kuka ina dariya, maƙwabciyarmu ta leƙo tana tambaya ko lafiya.

Kafin ya hau babur dattijon ya juyo gare ni ya ce, da ba a wanke injin ba da sai ya yi awa guda yana neman bakin yoyon nan, kuma da wuya ya same shi daidai haka. Na miƙe na gyara ɗankwalina, na ce maigidana ya ji da kunnensa. Sai dattijon ya ƙara da cewa duk da haka kada in sake. Ya nemi in ba shi sauran filastan, wai akwai dillalai biyu da yake so ya gwada a kansu. Na ba shi naɗin duka.

Sauran ranar a guje muka yi ta. Maigidana ya kai ƙwan safe tukuna, don ya ce ba zai fara mallakar mota da saɓa wa masu shago ba. Daga nan muka hau benen ofishin karo na biyar, na ƙarshe. Mai gilashi ta karanta takardar dattijon, ta ɗaga gira a inda ya rubuta zancen filasta, ta jera mana takardu muka yi ta sa hannu har yatsuna suka gaji. Ta nuna mana abin da za mu riƙa biya duk wata na shekara uku, ta buga waya aka tura wa gonar kuɗinta. Ƙarfe uku da rabi muna ofishin gonar. 'Yar mai gona ta miƙa wa maigidana takardun motar da makulli na biyu, tsohon kuma, da aka fito da shi a kujera don ya gani, ya riƙe kan maigidana ya sa masa albarka. Dillalin muka gamu da shi a bakin ƙofa yana shigowa, na gaishe shi da fara'ar da ban taɓa yi wa kowa ba.

Muka shiga motar. Maigidana ya ajiye takardun a kan cinyata, ya tayar da inji, muka fito kan titi. Na ce masa kafin mu je gida mu biya ta wurin mahaifiyarsa, ta ga motar da idonta, tunda tun safe take bugo waya. Gidanta yana can ɗaya gefen garin, ba a kan hanyarmu ba. Ya ce to, ya kunna sigina ya gangara gefen titi ya tsaya, ya ciro wayarsa ya fara neman lamba.

Na ce, "Wa za ka kira?"

"Gona. In gaya musu zan ɗan ratse da mota."

Na dai zuba masa ido. Ya kai wayar kusa da kunne, sai hannunsa ya tsaya. Ya kalli takardun da ke cinyata, ya kalli sitiyarin, ya kalle ni. Ya katse kiran tun bai shiga ba. Ya fara dariya a hankali, dariyar ta yi ta ƙaruwa har ya kifa goshinsa a kan sitiyari, kafaɗunsa suna rawa, hon ya yi ƙara wani mai keke ya zabura. Da ya ɗago idanunsa sun cika da hawaye, bai kuma goge su ba.

"Maman yara," ya ce, "ashe ba wanda zan tambaya."

Na ce babu. Ya jefa wayar a aljihu, ya sa giya, ya juya kan motar zuwa gidan tsohuwarsa.